Ɗan Marka Ya Sauka Etudi

Garwa, 14 ga Janairu

Zuwa ga Kaka Kabo, Briqueterie, Yawunde.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, kai da iyali, da fatan jiki da ƙarfi. Mu nan lafiya lau, alhamdu lillahi.

Ba ka san ni ba. Sunana Safinatu, 'yar Ja'afar, jikar Na'Allah wanda mahaifiyarsa da taka uwa ɗaya uba ɗaya suke. Ina koyarwa a makarantar firamare a nan Garwa. Garga, direban motar shanun da ke sauke kaya a kasuwar shanu ta Etudi, ya ce ya san rumfar da kake kilishi, shi zai miƙa maka wannan takarda hannu da hannu.

Babana ya rasu wata huɗu da suka wuce. Bai bar gona ba, bai bar shago ba, sai doki guda. Ja ne mai baƙar geza, shekararsa huɗu, an haife shi cikin ruwan Agusta, shi ya sa Baba ya sa masa Ɗan Marka. Duk abin da Baba ya samu a bakin dokin nan yake ƙarewa. Yakan ce wata rana zai ci babbar sukuwar watan Mayu. Ya shiga tsere sau biyu, bai ci ko ɗaya ba.

Yanzu dangi sun taso ni a gaba. Sun ce mace mai alli a hannu ba ta da haɗi da barga, in rabu da shi. Ni kuwa duk safiya in na kai masa harawa sai ya ɗora haɓarsa a kafaɗata, in tsaya kamar an dasa ni, har in makara zuwa makaranta.

Na tambayi Kaka Na'Allah ko dokin yana da gaba. Ya daɗe yana kallon turke, sannan ya ce, "Ni hawa na sani. Ido kuwa na Kabo ne. In yana raye, shi za ki tambaya."

To ga ni na tambaya. In ka ce yana da gaba, zan riƙe shi ko da dangi za su daina gaishe ni. In ka ce babu, zan haƙura. Abin da ka faɗa shi zan yi.

Jikarka,
Safinatu.

*

Briqueterie, 2 ga Fabrairu

Safinatu jikata,

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Ja'afar, ya kai haske kabarinsa. Rabona da shi tun yana goye a bayan Dije, kakarki. Lafiyata ƙalau, sai kunnuwa da suka yi nauyi, saboda haka kada ki wahal da kanki da kiran waya. 'Yata Ruƙayya, wadda nake zaune da ita, tana gaishe ki.

Shekarata arba'in da ɗaya ban ɗora hannu a kan doki ba. A nan unguwarmu Brik babu doki. Sai tasi masu ruwan ɗorawa, da 'yan moto, da ƙarar kekunan teloli. Amma ranar da na karanta takardarki, na kishingiɗa a benci bayan azahar, sai na ga layinmu ya buɗe, rumfunan sun ja da baya, jar ƙasar ta zama fari fat kamar rairayin kogin Binuwai, dawaki bakwai suna tahowa daga wajen kasuwar Mokolo ba tare da ƙara ba. Na farka na tarar kilishi ya ƙone a kan waya. Yaran layi har yau suna yi mini dariya.

Da gaske Na'Allah ya ambaci sunana da bakinsa? Ki gaya mini yadda fuskarsa take lokacin da ya faɗa.

Ba a duba doki daga nesa, amma ki ara mini hannunki da kunnenki. Ki yi waɗannan abubuwa. Da sassafe, kafin ya motsa daga turke, ki shafa jijiyar bayan ƙafafunsa na gaba da bayan hannunki, daga gwiwa zuwa kofato. Ki ji ko akwai wadda ta fi 'yar'uwarta ɗumi. Kada ki yi sauri, kuma ki yi kwana bakwai a jere. Sannan a ja shi a kan ƙasa mai tauri, ki rufe ido ki saurara: taku huɗu ne masu nauyi ɗaya, ko akwai ƙafar da yake lallaɓawa? Ki sa dunƙulen hannunki tsakanin ƙafafunsa na gaba, ki ga ko ya shige da sauran wuri. Bayan an yi sukuwa da shi, ki duba agogo har numfashinsa ya kwanta. Ki kuma lura ko yana waiwayar abinci bayan gudu, domin dokin da ya ƙi gero bayan sukuwa ya ba da abin da ya fi ƙarfinsa.

Tseren nan biyu da ya faɗi su na fi so in ji. Mita nawa ne? Wa ya hau shi? A ina yake a farko, a ina yake a kwana ta ƙarshe? Kada ki ce mini kawai ya zo na huɗu. Wannan lissafin masu rubuta sakamako a allo ne.

Kakanki,
Kabo.

*

Garwa, 24 ga Fabrairu

Kaka Kabo,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ina fatan kunnuwa da sauƙi. A gaishe mini da Yaya Ruƙayya. Zafi ya fara a nan, kogi ya ja baya har yara suna ƙetarewa da ƙafa.

Na yi duk abin da ka ce. Kwana bakwai ina durƙusawa gaban doki kamar mai neman gafara. Jijiyoyin sanyi ƙalau, duka biyun. Na rufe ido aka ja shi a kan hanyar bayan gida, taku huɗu daidai, har na ji kamar ana kirɓa sakwara a gidaje biyu. Hannuna ya shige tsakanin ƙafafunsa da sauran wurin yatsa biyu. Numfashinsa ya kwanta cikin minti tara. Gero kuwa, da ba a ɗauke ƙwaryar ba da ya haɗa da ita.

Mai hawansa sunansa Gajere, ya daɗe a harkar. Tseren farko mita dubu da ɗari biyu ne, ya zo na huɗu. Na biyu dubu da ɗari shida, ya zo na uku. Ina wurin duka biyun. Da an ɗaga tuta sai ya zabura zai wuce kowa, Gajere ya ja linzami da ƙarfi ya danne shi a tsakiya, domin ya ce haka ake yi, ana ajiye ƙarfin doki sai ƙarshe. Shi kuma ya yi ta fizgar kai, yana jefa kumfa, wuyansa a murɗe. Kafin kwana ta ƙarshe ya jiƙe sharkaf. Da aka ce masa tafi, babu sauran abin tafiya. A na biyun har gefen bakinsa ya yi jini. Baba ya wanke masa da ruwan gishiri.

Ka tambayi fuskar Kaka Na'Allah. Ban iya karanta ta ba. Yana zaune a kujerarsa, ƙafar hagun nan da ba ta lanƙwasuwa a miƙe, sandarsa a cinya. Da na karanta masa takardarka, wajen dawaki bakwai ya ce in maimaita. Daga nan ya ce a kawo masa ruwan alwala, alhali lokacin salla bai yi ba.

Kaka, me ya raba ku? Na tambayi manya, kowa ya ce ba ya nan lokacin.

Ina jiran hukuncinka. Dangi sun ba ni zuwa bayan salla.

Safinatu.

*

Briqueterie, 9 ga Maris

Safinatu,

Sallama. Zazzaɓi ya kwantar da ni, da ƙyar nake riƙe biro. Na karanta takardarki sau uku, na gane matsalar.

Dokin nan ba na riƙewa ba ne. Ku sake shi.

Sauran bayani in na tashi, in Allah ya so.

Kabo.

*

Garwa, 17 ga Afrilu

Kaka Kabo,

Barka da salla, Allah ya maimaita mana. Ina fatan zazzaɓin ya sauka. Mako biyar ke nan duk zuwan Garga sai in tare shi, ya ce rumfarka a rufe take. Na yi ta addu'a.

Na yi abin da ka ce. Ba zan ɓoye maka ba, layi biyun nan sun yi mini ciwo. Na ɗauka bayan sanyin jijiya da minti tara za ka ce wani abu dabam. Na yi azumin bana ina ta jujjuya takardar, ko akwai rubutu a bayanta. Amma na yi alkawari tun farko cewa abin da ka faɗa shi zan yi. Ka ce ba na riƙewa ba ne, a sake shi. Na sake shi.

Akwai wani Alhaji a can Yawunde da ke neman doki mai kyau saboda 'ya'yansa su riƙa hawa ranar Lahadi a cikin gidan gonarsa. An yi magana, ya ce sai ya gani da idonsa kafin a gama. A motar da ta kawo maka wannan takarda Ɗan Marka yake, an kafa masa katako a gaba, shanu a baya. Ranar Asabar Alhajin zai zo Etudi ya duba shi.

Ban nuna wa Kaka Na'Allah takardarka ba sai da aka zo ɗaukar dokin. Na karanta masa, ya ce, "Kabo bai taɓa cewa a sayar da doki ba." Na ce ga shi a rubuce. Ya juya kujerarsa ta kalli bango.

Turken yana nan. Da safe nakan tashi in ɗebo harawa, sai na kai tsakar gida in tuna.

Ban ce ka yi kuskure ba. In kana da ƙarfi ka je ka gan shi sau ɗaya kafin a tafi da shi, ka gaya mini ya sauka lafiya.

Safinatu.

*

Briqueterie, 24 ga Afrilu

Safinatu jikata,

Sallama. Na warke, asibiti na kwanta, Ruƙayya ta sha wahala da ni. Ban da lokacin doguwar gaisuwa, ki yafe.

Innalillahi! Linzami nake nufi, yarinya, linzami! Cewa na yi kada a riƙe shi a farkon tsere, a sakar masa kai ya wuce gaba. Dokinki ba da dawaki yake tsere ba, da Gajere yake kokawa, kafin a kai rabi ya ƙarar da kansa. Laifina ne, na rubuta miki magana irin ta 'yan barga kamar kin girma a cikinmu.

Ranar Asabar da safe Garga ya kawo takardarki. Ko hula ban sa ba na tare tasi zuwa Etudi. An kwana ana ruwa, hazo ya sauko kan duwatsu, kasuwar shanu duk caɓi. Can bayan garken, ƙarƙashin wata bishiyar mangwaro, na hango shi. Tururi yana tashi daga bayansa. Shanu suna kuka, mahauta suna ciniki, shi kuwa ya ɗaga kai yana shaƙar iskar garin da bai sani ba. Na tsaya na kasa ƙarasawa. Garga ya ce, "Baba, ba ya cizo." Na ce ba shi nake tsoro ba.

Kin tambayi abin da ya raba ni da kakanki. Ga shi. Akwai wani farin doki da Na'Allah zai hau a babbar sukuwa, ni ne mai duba shi. Da safen ranar na shafa ƙafarsa ta hagu na ji ɗumi kaɗan. Kaɗan ne ƙwarai. Gari duk ya taru, mai dokin ya ɗinka sabuwar riga, ni kuma ina son a ce dokin da Kabo ya zaɓa ya ci. Na ce lafiyarsa ƙalau. A kwana ta ƙarshe ƙafar ta karye, ya faɗi a kan Na'Allah. Ban iya zuwa asibiti na dube shi ba. Kwana uku bayan haka na hau jirgin ƙasa a Ngawundare, ban sake komawa ba.

To na durƙusa cikin caɓin Etudi na ɗora bayan hannuna a ƙafar Ɗan Marka. Bayan kwana biyu a mota, jijiyar sanyi kamar randa. Na shafa ɗayar, haka. Na bi ƙirjinsa, na buɗe hancinsa, na duba cinyoyinsa na baya, inda gudun yake zaune. Ja'afar bai yi mafarkin banza ba. Dokin nan na mita dubu biyu ne, in an bar shi ya ja gaba.

Alhajin ya zo da yara biyu cikin fararen kaya. Na gaya masa gaskiya. Na ce, "Alhaji, wannan in ya ga fili ba zai tambayi wanda ke kansa ba. Ka nemi tsohuwar goɗiya mai haƙuri." Ya dubi ƙaramin ɗansa, ya yi mini godiya, ya shiga mota.

Babu inda zan ajiye shi a Etudi, sai na jawo shi da ƙafa har Brik. Da kin ga layinmu! Teloli sun bar kekuna, mata sun leƙo ta taga, masu tsire sun bar wuta. Malamin makarantar allonmu, wanda ya baro Sakkwato shekara talatin, ya fito ya riƙe gezarsa yana hawaye bai sani ba. Yana ɗaure yanzu a filin bayan masallaci, kowa yana kawo masa dusa.

Ranar Talata Garga zai koma arewa babu kaya. Ba zan ba shi amanar dokin nan shi kaɗai ba. Wani ɗan'uwansa zai riga mu da wannan takarda. Ki gaya wa Na'Allah abin da na rubuta a sama, kalma da kalma. In ya ce kada in shigo gidansa, a barga ma zan iya kwana.

Kabo.

*

Garwa, 22 ga Mayu

Zuwa ga Yaya Ruƙayya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina yi miki sannu da jinya, ko da yake ta wuce. Babanki, Baba Kabo, lafiyarsa lau, yana shan maganinsa, har ya yi ƙiba. Ya ce in rubuto miki domin shi tun shekaranjiya bai bar barga ba.

Bari in fara da ranar da suka iso. Motar ta tsaya ƙofar gida da hantsi. Aka sauke doki, Baba ya tsaya riƙe da igiya, ya ƙi shigowa. Kaka Na'Allah ya fito yana jan ƙafa. Suka tsaya suna kallon juna har na fara jin kunya. Sai Baba ya ce, "Na'Allah, na ji ɗumi a ƙafar nan, na yi shiru."

Kaka ya ce, "An karanta mini. Kai da hannu ka ji. Ni da nake kansa fa? Tun a zagayen gwaji na ji yana ɗingisawa a ƙarƙashina."

Baba ya ce, "To me ya hana ka sauka?"

Kaka ya ce, "Dije tana cikin 'yan kallo, da sabon zane. A gabanta zan sauka?"

Yaya, ban san wanda ya fara dariya ba, ban kuma san lokacin da ta koma kuka ba. Ni dai na karɓi igiyar na bar su a zaure.

Mako uku suka yi suna gyara dokin. Sun canza masa linzami zuwa mai taushi. Gajere ya yi gardama, ya ce shekararsa ashirin yana hawa, ba a taɓa cin mita dubu biyu daga gaba ba. Baba ya ce masa, "Kai dai ka zauna, ka yi kamar an aike ka da shi."

Shekaranjiya aka yi babbar sukuwar. Dawaki goma sha ɗaya. Da safe Baba ya shafa ƙafafun sau uku, sannan ya sa Kaka ma ya shafa. Aka ɗaga tuta, Gajere ya saki hannu. Ban taɓa ganin Ɗan Marka haka ba. Wuyansa ya miƙe, kunnuwansa suka kwanta, ya yi gaba shi kaɗai kamar sauran sun tsaya shan ruwa. Na daina jin ihun mutane. A kwana ta ƙarshe wani baƙin doki daga Marwa ya taso, ya yi ta cin tazarar har suka jera. Na rufe ido. Da na buɗe, Gajere yana tsaye a kan likkafa yana ɗaga hannu. Da tsawon wuya ya ci.

Na juya in rungume tsofaffin nan, sai na tarar suna musu. Kaka ya ce da an ɗan taɓa linzami a tsakiya da tazarar ta fi haka. Baba ya ce shi ya sa har kullum Kaka mahayi ne kawai. Ba su ma ga lokacin da aka miƙo mini kofin ba. Na kai shi ɗakin babana na ajiye a kan tabarmarsa.

Dangin da suka ce in rabu da shi sun zo barka, kowa yana cewa dama ya sani.

Yanzu ga saƙon Baba. Ya ce ki ba Alim maƙwabcinku makullin rumfa ya ci gaba da kilishin. Ya ce ba zai dawo wannan watan ba, wataƙila har na gaba, domin akwai wani duƙushi a ƙauye da aka ce ya je ya gani, kuma Kaka ya rantse sai ya bi shi don kada ya zaɓo jaki. Ki aiko masa da tabaransa ta hannun Garga, ya manta shi a kan taga. In kin samu hutu ki biyo tabaran, ɗakina ya ishe mu.

Ƙanwarki,
Safinatu.